Yadda ake gina ƙwarin gwiwar yaro ɗan wasa, da yadda manya ke rusa shi

A watan Nuwamban 2015 Victor Osimhen ya dawo daga ƙasar Chile ɗauke da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da kuma takalmin zinare, bayan ya zura ƙwallo 10, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasa guda kafin shi. Kulob ɗin Wolfsburg na Jamus ya ɗauke shi, ya koma can a farkon 2017. Shekara ɗaya da rabi ya yi a can bai jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba. Ya yi fama da rauni a kafaɗa, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, sannan kulob biyu na Beljiyam, Club Brugge da Zulte Waregem, suka gwada shi suka ce ba su buƙata. Daga ƙarshe wani kulob mai matsakaicin ƙarfi, Charleroi, ya karɓe shi aro a watan Agustan 2018, kocinsa Felice Mazzù ya riƙa sa shi a wasa mako bayan mako. A wannan kakar ya ci ƙwallo 20. Shekara biyar bayan haka ya ɗauki kofin Italiya da Napoli, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023.

Ƙafafun da suka gaza a Jamus su ne suka yi aiki a Beljiyam. Abin da ya sauya shi ne lafiyar jikinsa, da samun wanda ya yarda ya ci gaba da sa shi ko ya ci ko bai ci ba. Labarin Osimhen ya samu masu ba da shi ne saboda ya ƙare da daɗi. Nijeriya ta ɗauki wannan kofi na matasa har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa, amma da yawa daga cikin yaran da suka ɗauko shi sun ɓace daga idon jama'a tun ba su kai shekara 25 ba. A ƙasa da su kuma akwai dubban yara a filayen unguwa da na makarantu waɗanda ke ajiye takalmi kowace shekara ba wanda ya tambaye su dalili. Rashin kayan aiki da talauci suna da nasu kason. Akwai kuma kason da ke hannun mutum biyu, koci da mahaifi.

Mene ne ƙwarin gwiwa, kuma daga ina yake fitowa?

A wurin jama'a ƙwarin gwiwa halitta ce: wani an haife shi da zuciya, wani kuma ragon maza ne tun ran gini. Masu nazarin halayyar ɗan'adam sun daɗe da barin wannan fahimta. A 1977 Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana abin a matsayin imanin da mutum ke da shi cewa zai iya aiwatar da wani takamaiman aiki. Wannan kalma, takamaimai, ita ce jigon maganar. Yaro yana iya yarda da kansa wajen yanka mai tsaron baya, ya kuma riƙa ɓuya a bayan 'yan'uwansa duk sanda aka zo bugun fenareti. Ke nan ana gina abin ne fanni bayan fanni, kuma abin da aka gina yana iya rushewa.

Bandura ya ce wannan imani yana shayarwa daga maɓuɓɓuga huɗu, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wadda ta fi kowace ita ce mutum ya taɓa yin abin da kansa ya ga ya yiwu. Sai ganin wani mai kama da shi ya yi. Sai maganar waɗanda yake ganin girmansu. Ta ƙarshe ita ce yadda yake fassara abin da jikinsa ke gaya masa, kamar bugun zuciya da jiƙewar tafin hannu kafin a hura usur.

Wannan jeri yana da darasi mai ɗaci ga manya, domin abin da suka fi dogara da shi, wato baki, shi ne na uku. Huɗubar da koci ke yi minti biyar kafin wasa, ana tafi ana ihu, tasirinta yakan gushe da zarar yaro ya yi kuskuren farko. Abin da ke saura a zuciyarsa shi ne tarin lokutan da ya tare ƙwallo ta tsaya, ya ba da ita ta isa. Saboda haka aikin koci na farko shi ne shirya atisaye ta yadda kowane yaro zai samu irin waɗannan lokuta da yawa, a kan aikin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan. Idan aikin ya yi sauƙi ainun yaro ya san ba a yi komai ba. Idan ya yi masa nisa, abin da zai koya shi ne cewa ba ya iyawa.

A nan ne tsarin da aka saba gani a filayen unguwa ke cutar da ƙanana. Ana zuba yara 22 'yan shekara tara ko goma a filin manya, da raga irin ta manya, ƙwallo ɗaya na yawo tsakanin manyan yara uku ko huɗu, sauran suna bin ƙura. Yaro na iya shafe awa guda bai taɓa ƙwallo sau goma ba. Da za a raba filin nan gida huɗu da duwatsu ko takalma, a yi wasan mutum huɗu-huɗu ko biyar-biyar, da kowa ya taɓa ƙwallo ninkin-ba-ninkin, kuma ko wanda ya fi kowa rauni zai ci wata rana. Abin da hakan ke buƙata ƙarin ƙwallo uku ne. Haka nan maɓuɓɓuga ta biyu: kallon Messi a waya yana burge yaro, amma ganin abokinsa da suke aji ɗaya ya ƙware a bugun da makon jiya ya gagare su duka shi ne ke sa ya ce ashe ana iyawa.

Abin da aka gano da aka zauna kallon kociyoyi

A shekarun 1970 malamai biyu na Jami'ar Washington, Ronald Smith da Frank Smoll, sun yi wani aiki da har yau ake komawa gare shi. Sun tura masu lura su zauna a gefen fili suna rubuta duk abin da kociyoyi 51 na wasan besbol na yara ke yi: wane lokaci suka yaba, wane lokaci suka yi faɗa, yaushe suka koyar, yaushe suka yi shiru. Bayan kaka ta ƙare aka bi sama da yara 500 har gida aka yi hira da su. Yaran da kocinsu ke yawan ƙarfafa musu gwiwa tare da nuna musu gyara sun fi son wasan, sun fi son kocin, sun kuma fi jituwa da junansu. Yawan nasarar da ƙungiya ta samu bai yi wani tasirin a-zo-a-gani ba wajen ko yaro zai so ya sake buga wa wannan kocin. Wani abu kuma da ya fito shi ne kociyoyin ba su san halin kansu ba: da aka tambaye su yadda suke yi a fili, bayanin yaran ya fi nasu dacewa da abin da masu lura suka rubuta.

Daga nan suka tsara wani gajeren horo ga kociyoyi, zama ɗaya wanda bai wuce awa uku ba. A wani binciken da aka wallafa a 1992, kashi 5 cikin ɗari ne kawai na yaran da kociyoyinsu suka samu horon suka ƙi dawowa a kaka ta gaba, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 26 ne suka daina. Ƙungiyoyin biyu ba su bambanta ba wajen yawan cin wasa. Waɗanda suka fi amfana kuwa su ne yaran da tun farko ba su ɗauki kansu a bakin komai ba.

Ginshiƙin horon shi ne abin da koci ke yi a cikin daƙiƙa goma na farko bayan yaro ya yi kuskure. Yaron ya riga ya san ya ɓata. Tsawa ba ta ƙara masa wani sani. Abin da ake so shi ne a fara da abin da ya yi daidai, misali ya isa wurin a kan lokaci, a gaya masa gyara guda ɗaya wanda zai iya yi a karo na gaba, kamar ya kafa ƙafar da yake tsaye a kanta kusa da ƙwallo, sannan a bar shi ya koma wasa. Gyara guda, ba biyar ba. Wannan ba sakaci da tarbiyya ba ne, don Smith da Smoll sun nace a kan kafa dokoki tun farkon kaka tare da yaran, da hukunta wanda ya karya su ta hanyar zaunar da shi. Bambancin da suka yi shi ne tsakanin rashin ɗa'a, wanda ake hukuntawa, da kuskuren wasa, wanda ake koyarwa a kansa.

Za a ce ai yaranmu daban ne, sai da bulala. Ƙasar Japan ta daɗe tana faɗin haka game da nata yaran. A watan Disamban 2012 kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta wata makarantar sakandare a Osaka, ɗan shekara 17, ya kashe kansa bayan dukan da kocinsa ya riƙa yi masa, lamarin da ya tilasta wa hukumomin wasanni na ƙasar fitowa su haramta duka a 2013. Duk da haka, rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2020 ya nuna al'adar ba ta mutu ba. Ko a ajiye batun tausayi gefe, duka da zagi da sa yaro tsallen kwaɗo don ya zubar da ƙwallo suna koya masa dabara ɗaya ce: kada ya nemi ƙwallo. Wanda bai karɓa ba ai ba zai zubar ba. Irin wannan yaro ana ganinsa a kowane fili, yana laɓewa a bayan abokin hamayya, da ta zo masa sai ya doka ta gaba ya huta.

Yabo ma yana da lahani

Iyaye da kociyoyin da suka guje wa tsawa sukan faɗa ɗaya ramin, wato kirari. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yara 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyin gwajin basira. An yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun dage. Da aka ba su zaɓi, akasarin waɗanda aka kira masu ƙwaƙwalwa sun zaɓi aiki mai sauƙi, don kada sunan ya zube. Da aka ba kowa tambayoyi masu wuya suka faɗi, su ne suka fi saurin karaya, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku nasu sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara. Gaskiya ne cewa binciken da aka yi daga baya ya nuna tasirin wannan ra'ayi bai kai yadda aka zuzuta shi a littattafai ba. Amma duk wanda ya ga yadda ake laƙaba wa ɗan shekara 12 sunan Ronaldo ko Ahmed Musa a unguwa, ana ɗaga shi sama bayan kowane wasa, ya san abin da ke biyo baya ranar da ya haɗu da yaran da suka fi shi. Ba shi da abin kamawa, tun da ba a taɓa gaya masa wane aiki ne ya kai shi inda yake ba.

Yabon da ke amfani shi ne wanda ya ambaci aikin da sunansa kuma ya kasance gaskiya. Yara suna gane yabon ƙarya da wuri, kuma da sun gane shi sai su daina yarda da na gaskiyar.

Misali mafi bayyana na yadda ake riƙe matashi bayan babban kuskure ya faru ne a gaban duniya. Ranar 11 ga Yulin 2021 a filin Wembley, Bukayo Saka, ɗan shekara 19 wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya buga fenareti ta biyar ta Ingila a wasan ƙarshe na gasar Turai, mai tsaron gidan Italiya ya tare, kofi ya tafi. Ana iya muhawara a kan hikimar ɗora wa yaron da bai taɓa buga fenareti a wasan manya ba irin wannan kaya. Amma kocinsa Gareth Southgate, wanda shi ma ya ɓarar da tasa a 1996, ya rungume shi a fili, ya kuma shaida wa 'yan jarida cewa shi ne ya zaɓi masu bugun, laifin nasa ne. An yi wa Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho ruwan zagin wariyar launin fata a intanet. Kulob ɗinsa Arsenal ya tarbe shi da bango guda cike da wasiƙun magoya baya. Muhimmin matakin ya zo ne a watan Afrilun 2022, lokacin da ya sake ɗaukar ƙwallo ya ajiye a wurin fenareti a gidan Chelsea, aka bar shi, ya ci. Ya zama mai buga wa Arsenal fenareti, kuma a Yulin 2024 ya ci tasa a bugun raba gardama da Suwizalan. Runguma da wasiƙu sun hana shi durƙushewa, amma abin da ya mayar masa da imaninsa shi ne ba shi damar sake bugawa.

Gida

Iyaye a nan sukan kasu gida biyu, kuma kowane gida yana da nasa ɓarnar. Na farko su ne masu hanawa. Tobi Amusan ta sha ba da labarin yadda mahaifinta ya ƙona kayan atisayenta a Ijebu Ode don ta mayar da hankali ga karatu, mahaifiyarta ce ke rufa mata asiri tana fita. Ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2019, ta sake zuwa ta huɗu a Olamfik ta Tokyo, sannan ranar 24 ga Yulin 2022 ta kafa tarihin duniya a gudun mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12. Asisat Oshoala, wadda ta zama gwarzuwar Afirka sau shida, ita ma iyayenta ba su so ƙwallonta ba, kakarta ce ta tsaya mata. Ana yawan ba da waɗannan labarai kamar hujjar cewa tsanani yana gasa ɗan wasa. Abin da suke nunawa a zahiri shi ne kowace daga cikinsu ta samu babba guda ɗaya a gida wanda ya tsaya a bayanta. 'Yan matan da ba su samu ko guda ba, babu wanda ya san sunayensu.

Tsoron waɗannan iyaye ba shirme ba ne. Kaɗan ne ƙwarai ke cin abinci da wasa, kuma uban da ya ce sai an yi karatu yana da hujja. Sai dai sharaɗi daban, wulaƙanci daban. Ana iya cewa babu fili sai an gama aikin makaranta ba tare da an kira yaro ɗan iska ba.

Gida na biyu ya fi sabo, kuma yana ƙaruwa tun da aka fara jin albashin 'yan wasan Turai. Su ne iyayen da suka mayar da yaro jari. An sayar da fili ko an ci bashi an biya kuɗin makarantar ƙwallo, ko an damƙa wa wani dillali da ya yi alkawarin gwaji a Turai, alhali sashe na 19 na dokokin FIFA ya haramta sauya wa ɗan ƙasa da shekara 18 kulob zuwa wata ƙasa sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Yaron da ya san gonar gidansu ce a ƙafarsa ba zai iya wasa da sakin jiki ba. Andre Agassi, wanda ya lashe manyan gasannin tanis takwas, ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa na 2009 cewa ya tsani wasan tun yana yaro, saboda injin da mahaifinsa ya haɗa yana harbo masa ƙwallo kusan 2,500 a kullum. Shi ya yi nasara duk da haka, ga kuɗi ga suna, kuma bai fasa cewa ya tsane shi ba.

Abin da ake nema daga mahaifi bai da yawa. Ya je kallo idan ya samu hali. Kada ya riƙa ba da umarni daga gefen fili, don yaron da ke jin murya biyu masu saɓani ba zai bi ko ɗaya ba. A hanyar komawa gida bayan an sha kashi, ya bar yaron ya fara magana, in bai yi ba a ƙyale shi ya ci abinci. Kuma fuskar da yake gani ranar da aka ci su ta zama ita ce ta ranar da suka ci.

Matsalar da ta fi ƙarfin koci ɗaya

A 1985 Roger Barnsley da abokan aikinsa sun lura cewa a cikin manyan 'yan wasan hokin ƙanƙara na Kanada, waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun rinjayi na watannin ƙarshe nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne ana raba yara rukuni-rukuni daga 1 ga Janairu, don haka ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda. Ya fi shi tsawo da ƙarfi, sai a ɗauka ya fi shi baiwa, a zaɓe shi, a ba shi koci mafi kyau. An samu irin wannan a ƙwallon ƙafa a ƙasashe da dama.

Idan wata 11 na yin wannan ɓarna, sai a auna abin da shekara uku ko huɗu ke yi. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. A 2009 aka fara gwajin MRI na wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17. A watan Agustan 2016 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mai riƙe da kofin duniya. Ana tattauna wannan a matsayin abin kunya ga ƙasa, amma wanda aka fi zalunta ba a cika ambatonsa ba: ɗan shekara 14 na gaskiya da aka haɗa da ɗan 19 a gasar unguwa, aka ture shi sau uku, ya koma gida da yaƙinin cewa shi ne bai iya ba. Shi ma mai rage shekarun bai tsira ba, don ƙwarin gwiwar da ya gina a kan ture ƙanana yakan watse ranar da ya haɗu da sa'o'insa.

Ƙasar Norway ta bi wata hanya. Tun 1987 hukumar wasanninta ta kafa ƙa'idojin wasannin yara, aka sabunta su a 2007: ba a buga jadawalin wanda ya zo na ɗaya da na ƙarshe kafin shekara 11, ba a gasar ƙasa kafin shekara 13. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba ta samu lambobi 39 a Olamfik ta hunturu ta 2018, abin da ba a taɓa yi ba. Erling Haaland ya taso ne a ƙaramin garin Bryne cikin rukunin yara kusan 40 da kocinsu Alf Ingve Berntsen bai kori ko ɗaya ba, masu iyawa da marasa iyawa suna atisaye tare har suka zama samari. Norway ƙasa ce mai arziki, da filaye masu rufi da kuɗin da ake zuba wa ƙananan kulob-kulob, kuma ba a kwafo wannan da baki.

Amma dokokin kansu ba su cin ko kwabo. Masu shirya gasa irin Kofin Ramat da ƙungiyar YSFON ke gudanarwa a Kano, da gasannin makarantu da na ƙananan hukumomi, suna da ikon sharɗanta cewa duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya buga aƙalla rabin lokaci, a riƙa tantance shekaru da rajistar makarantar firamare tun daga matakin unguwa, kocin da ya ɗaga hannu a kan yaro kuma a kore shi daga gasar. Suna kuma iya tara kociyoyin a aji guda na yini ɗaya kafin a buɗe gasa, tun da akasarinsu 'yan sa-kai ne, tsofaffin 'yan wasa da malaman makaranta da ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsu, waɗanda ke horar da yara yadda aka horar da su don ba a taɓa nuna musu wata hanyar ba.